Yadda iyaye za su nuna wa yaro sun ga ƙoƙarinsa

A ƙarshen kowane zangon karatu, ranar da aka raba sakamakon jarrabawa a makarantun Damagaram, mutum zai ga yara sun fito a guje daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, kowa riƙe da takardarsa, kuma babu abin da ke zuciyar kowannensu sai ya isa gida ya nuna. Abin da zai faru a ɗan lokacin nan bayan yaron ya yi sallama ya shiga gida yana da nauyi ƙwarai, domin a nan ne zai gane ko wahalar da ya sha ta wata uku tana da daraja a idon mutanen da ya fi ƙauna. Na sha ganin uban da zai karɓi takardar ya duba, ya ce "to", ya miƙa wa yaron abarsa, sannan da dare a wurin shan shayi ya cika abokansa da labarin cewa ɗansa ya zo na biyu a aji. Wannan uba yana alfahari da ɗansa da gaske, sai dai alfaharin ya tafi kunnen waɗanda ba su da buƙatarsa, shi kuwa yaron ya kwana yana zaton bai yi abin kirki ba. Abin da nake so in bayyana a nan shi ne yadda farin cikin iyaye zai fara isa ga yaron kansa, ta hanyar da za ta ƙara masa himma ba tare da ta kumbura masa kai ko ta jawo masa ƙiyayyar ƴan'uwansa ba.

Dole a fara da maganar alkunya, domin ita ce take ɗaure bakin yawancinmu. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, kuma idan aka yabe shi a gabanta sai ta sunkuyar da kai ko ta kawo wata magana. Uba ma yakan ɗaure fuska don kada a ce ya cika son ƴaƴa. Wannan al'ada tana da kyawunta, ita ce ta sa ɗa yake zama na dangi gaba ɗaya, kuma ban ce a yar da ita ba. Amma ya kamata mu tuna da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Saboda haka uwar da kunya ta hana ta yabo kai tsaye ta nemi wata ƙofa, kuma ƙofofin suna da yawa. Tana iya cewa yaron ya kai wa kakarsa takardar, ta bi bayansa ta ce, "Inna, ga abin da mutumin naki ya samo," ta yadda zai ji da kunnensa cewa uwarsa ce ta ga abin ya isa a nuna. Kaka ba ta da wannan takunkumi, za ta rangaɗa guɗa, ta kira shi angonta, ta yi masa kirari son ranta. Sannan akwai kalmar da babu alkunyar da ta hana uwa ko uba furtawa, wato "Allah ya yi maka albarka." Idan aka faɗe ta a daidai lokacin da yaro ya yi abin, aka dube shi a ido, ta fi kowace kyauta zama a zuciyarsa.

Kafin a yaba sai an lura, kuma lura tana farawa tun yaro yana goye. Ranar da ya fara zama, ranar da ya ja ciki ya yi rarrafe, ranar da ya kama bango ya miƙe, da ranar da aka riƙe masa hannu ana cewa "ta-ta-ta" har ya saki ya taka shi kaɗai, duk ranaku ne da suka cancanci a tafa masa a yi murmushi, domin jariri yana karanta fuskar uwarsa tun bai san magana ba. A nan ina roƙon iyaye su guji auna ɗansu da ɗan maƙwabta. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006 ya nuna cewa yara masu lafiya suna fara zama ba tare da tallafi ba tsakanin kusan wata 4 da wata 9, suna fara tafiya su kaɗai tsakanin kusan wata 8 da wata 18. Tazarar tana da faɗi, don haka wanda ya yi tafiya a wata 10 da wanda ya kai wata 15 duk suna kan hanya, kuma sannu ba ta hana zuwa. Idan dai yaro ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ana kiransa ba ya waiwayowa, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, to a ɗauki katin awonsa a kai shi asibiti a nuna wa ma'aikatan lafiya, kada a tsaya jiran abin ya gyara kansa.

Da yaro ya ɗan tasa, sai nasarorinsa su koma ƙanana a ido, har su wuce ba a gani ba. Ranar da ya ci tuwo da hannun dama bai ɓata rigarsa ba, daren da ya fara kwana bai yi fitsari a shimfiɗa ba, ranar da aka aike shi shago ya dawo da abin da aka ce da canji daidai, ranar da ya yi alwala bai tsallake gaɓa ba, ranar da yarinya ta ɗaura ɗankwalinta da kanta ko ta durƙusa ta gaida baƙo ba a ce ta yi ba, duk waɗannan aiki ne da yaron ya daɗe yana gwadawa a ɓoye. A garinmu da ruwa yake wuya, musamman a watannin bazara da famfo kan ɗauke, yarinya ƴar shekara 7 da ta ɗauko ƙaramar jarka daga bakin titi har cikin gida ba ta zubar ba ta yi abin da ya isa a ce mata sannu da ƙoƙari. Ko famfara, wadda takan fara wajen shekara 6, abin tsoro ce ga yaro, kuma idan aka ce masa alamar girma ce, sai ya daina rufe bakinsa a cikin tsara.

Yadda ake furta yabon shi ne inda mutane da yawa suke kuskure ba da niyya ba. A ambaci ainihin abin da yaron ya yi. "Kai gwani ne" magana ce mai daɗi, amma ba ta nuna masa abin da zai maimaita gobe ba. Idan kuwa aka ce, "Na ga jiya ka zauna bayan magariba ka sake rubuta layin nan sau uku har ya miƙe," yaron ya san an gan shi, ya kuma san cewa zaman da ya yi ne ya haifar da sakamakon. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada wannan a kan ƴan makaranta suka wallafa sakamakon a 1998. Yaran da aka yaba wa basira sun fi karkata ga aiki mai sauƙi don kada su faɗi sunansu ya ɓaci, kuma sun fi saurin karaya da suka gamu da mai wuya, su kuwa waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi son aikin da za su koyi sabon abu a cikinsa, sun kuma fi jurewa. Ni abin da na gani a cikin gidana ya yi daidai da haka. Ɗiyata da ake ta kira mai ƙwaƙwalwa tun tana ƙarama ta kai matsayin da take ɓoye kayenta, wato littafin rubutunta, duk ranar da ta sami jan biro, sai da muka koma tambayarta wane lissafi ne ya fi ba ta wuya yau da yadda ta yi da shi, sannan ta saki jiki ta riƙa nuna mana kurakuranta da kanta.

A tuna kuma da irin tudun da ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, yake hawa. Yaron da aka kai aji na farko, wato CI, a watan Oktoba, yawanci yana shiga ne cikin harshen da ba a yi masa magana da shi a gida, ga cunkoso, wani lokaci ma ajin na zana ne, iskar hunturu tana shigowa ta ko'ina. Ranar da irin wannan yaro ya haɗa baƙi da wasali ya karanta kalma guda ta Faransanci, ya yi abin da ya kamata gida ya sani. Uwa ko uban da bai yi boko ba kada ya ce wannan ba fagensa ba ne. Ya karɓi kayen ya buɗe shafi-shafi, ya ce yaron ya karanta masa, sannan ya ce ya fassara masa da Hausa. Yaron da ya iya mayar da darasinsa cikin harshen uwarsa ya fahimce shi, kuma babu abin da yake ɗaga yaro kamar ya ga yau shi ne yake koya wa babansa. Wannan tunani ba baƙo ba ne a nan, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, a 1973.

Idan sakamako ya zo, kada ido ya tsaya a kan matsayi kaɗai. A ajin da yake da yara 70, mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya, kuma idan shi kaɗai za a yi wa murna, an bar 69 hannu wofi. A ɗauko takardar zangon da ya wuce a ajiye kusa da ta yanzu. Yaron da ya tashi daga maki 4 cikin 10 ya kai 5 da rabi ya yi tafiyar da wataƙila ta fi ta wanda ya daɗe a kan 8, kuma shi ne ya fi buƙatar a ce an gani, domin shi ne yake gab da yanke ƙauna. A karanta abin da malaman ajin, mushe ko madam, suka rubuta a ƙasa, a duba kwanakin da bai yi fashi ba, a yaba masa a kan sammakon da ya riƙa yi cikin sanyi.

Makarantar allo ma tana da matakanta, kuma kakanninmu sun riga mu sanin darajar yi musu alama. Daga babbaƙu zuwa farfaru, daga ranar da yaro ya fara wanke allonsa aka yi masa sabon rubutu, zuwa ranar da ya kai Sabbi ya cika izu guda cikin 60, har ranar sauka da za a yi wa allonsa zayyana, kowane mataki yana da sadakarsa gwargwadon hali, ko waina ce ko gumba, a kai makaranta yara su ci, malam ya yi addu'a. Hikimar wannan sadaka ita ce murnar yaro ɗaya takan zama rabon dukan tsaransa, don haka ba ta haifar da hassada. Ina ba iyaye shawara su riƙe ta, su kuma daidaita murnarsu tsakanin makarantun biyu, domin yaro yana lura da wadda fuskar babansa ta fi sakewa a kanta, kuma ita zai ɗauka da muhimmanci. Garinmu ya yi suna da aikin fata, saboda haka ƙaramar gafaka da baduku ya ɗinka don yaron da ya fara riƙe izu kyauta ce da zai girma da ita.

Game da kyauta, ƙarama ta wadatar, kuma ta fi kyau idan ta zo bayan aikin ba tare da an yi cinikinta ba. Dala 20 ta alewa, alkaki guda biyu, sabon biro, ko tsokar nama da aka ɗora masa a kan tuwo aka faɗi dalili, duk sun isa. Abin da ya fi su kuwa shi ne lokaci: uba ya ɗauki yaron su biyu kaɗai a kan babur ko kabu-kabu, su je kasuwar Dole ranar Alhamis, ko su bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya nuna masa dogarai, su dawo suna hira. Yarjejeniyar "idan ka zo na ɗaya zan saya maka keke" tana da haɗari biyu. Na farko, yaron zai koma yi wa keke karatu, kuma ranar da babu keke babu dalili. Na biyu, idan ya cika sharaɗin aljihu bai cika ba, an koya masa cewa maganar babba ba abin dogaro ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Kada a yi wa yaro alkawarin abin da ba a riga an san inda kuɗinsa zai fito ba.

Wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne gidan da yake da yara da yawa, balle gidan da ɗakuna suka fi ɗaya. Yabon da aka yi wa yaro ɗaya a tsakar gida, kunnuwa da yawa ne suke ɗaukarsa, kuma ƴan ubancin da kan raba zumunci bayan shekara 30 sau da yawa daga irin wannan rana yake tsirowa. Kada a taɓa mayar da nasarar wani bulalar dukan wani, irin a ce, "Dubi ƙanenka, kai kuwa sai ci." Maganar tana karya wanda aka faɗa wa, tana kuma sa wanda aka yaba ya zama abin haushi a wurin yayansa alhali bai yi laifin komai ba. Lokacin da sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai ya nemi Manzon Allah ya shaida, an tambaye shi ko ya yi wa sauran ƴaƴansa haka, da ya ce a'a, aka umarce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin ƴaƴansa. Adalci a yabo shi ne uba ya zauna ya nemo wa kowane yaro abin da shi ma ya ci gaba a kansa a wannan zango, ko da ba a takarda yake ba: wannan ya daina faɗa a hanya, wannan ta iya dama kunu, wannan ya kula da akuya duk rani. A sa ɗiya mace a sahu ɗaya da namiji, a yi wa makinta murnar da za a yi wa nasa, domin yarinyar da ta ga karatunta yana faranta ran babanta takan riƙe shi da hannu biyu. Ɗan riƙo da maraya da ke cikin gidan su ma a karɓi takardarsu a duba da irin wannan fuska.

Sai maganar waje. Mutanenmu suna tsoron baki, kuma kambun baka gaskiya ne kamar yadda ya zo a hadisi, shi ya sa muke cewa "tubarkalla, masha Allah" idan muka ga abin sha'awa. Annabi Yaƙuba ma ya hana Yusufu ba ƴan'uwansa labarin mafarkinsa. Wannan bai hana a gaya wa masoya ba. Kakanni, gwaggo, kawu da malamin da ya koyar da yaron sun cancanci su ji, kuma yana da kyau a tafi da yaron ya ga ana yi wa malaminsa godiya, ya san cewa nasarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne ɗaukar hoton takardar sakamako a ɗora a WhatsApp ko Facebook. Takardar tana ɗauke da cikakken sunan yaro da na makarantarsa da ajinsa, wato duk abin da mugu yake buƙata don ya tare shi a hanya ya kira shi da suna. Wanda ya ga lallai sai ya aika, ya rufe waɗannan wurare, ya tura wa mutane ƙalilan da ya yarda da su. A kuma duba wanda ke zaune a wurin kafin a buɗe baki, domin a cikin masu sauraro akwai wadda ɗanta ya maimaita aji, akwai kuma wadda shekara da shekaru take roƙon Allah haihuwa.

Wata rana takardar za ta zo babu daɗi, kuma yadda aka karɓe ta ne zai nuna wa yaron ko murnar da aka yi a baya tasa ce ko ta maki ce. A bar shi ya sha ruwa ya ci abinci tukuna. Bayan haka a zauna a nemi dalili cikin natsuwa, domin sau da yawa dalilin ba lalaci ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙamari a ƙarshen damina, daidai lokacin komawa makaranta, kuma mako biyu na kwanciya ya isa ya bar yaro a baya. Wani ba ya ganin allo daga inda aka zaunar da shi, wani yana fita da safe cikinsa babu komai, wani kuma akwai wanda yake cin zalinsa a hanya. A je a ga malamin ajin a tambaye shi abu guda da za a fi mayar da hankali a kansa a gida, sannan a gaya wa yaron a fili cewa an san zai iya, a tuna masa da wani abu mai wuya da ya taɓa koya har ya ƙware.

Don a sami abin tuna masa, sai an ajiye. A sayi kaye guda a ware shi don wannan aiki, kowane yaro da shafukansa, a riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru a layi ɗaya ko biyu, da boko ko da ajami, wanda kuma bai iya rubutu ba ya sa wani babban yaro ya rubuta masa. A haɗa da kayensa na farko na CI, da takardun sakamako, da katin awo, da takardar haihuwa wadda za a nema ranar da zai zauna jarrabawar ƙasa, a sa su cikin leda mai kauri a ɗaure, a ajiye a akwatin ƙarfe a kan dutse ko benci saboda gara da ruwan damina. Idan babban hutu ya zo, a zaɓi wani yammaci a shimfiɗa tabarma a buɗe akwatin tare da yaran, a bar ɗan aji na biyar, wato CM1, ya ga yadda hannunsa yake karkacewa shekara huɗu da suka wuce, a karanta wa ƙaramar yarinyar ranar da ta fara cewa "Baba", sannan a rubuta kwanan watan wannan zaman a shafi na gaba kafin a mayar da kayen cikin leda.